Ƙiba da rayuwar ɗan makaranta

Karatu

Mu ɗauki misalin wani yaro, mu kira shi Ila. Shekararsa 14, yana aji na biyu na kolej a Maraɗi. Ubansa ɗan kasuwa ne, gidansu ba a rasa ci da sha ba. Ila yaro ne mai ƙoƙari, musamman wajen lissafi. Amma Ila mai jiki ne. Tun yana ƙaramar makaranta ya fi tsaransa kauri, da ya shiga kolej sai abin ya ƙaru.

Teburin ajinsu na mutum biyu ne, amma su uku suke zama. Kullum da safe sai ka ji na gefensa yana cewa: «Matsa can, Buhu, ka cinye mana wuri!» Sunan ya bi shi. Har ƴan wasu azuzuwa da ba su san sunansa na yanka ba, sun san Buhu.

Ranar alhamis ake wasannin motsa jiki. Malam ya ce a zagaya fili sau uku. Kafin a gama zagaye ɗaya Ila yana haki, cinyoyinsa suna gugar juna, gwiwarsa tana ciwo. In an zo rabon ƴan ƙwallo, shi ake ɗauka ƙarshe, a ce ya je ya tsare gida, wai shi kaɗai ya isa ya toshe raga. Sai a yi dariya. Shi ma ya yi dariya tare da su. In ya koma gida ba ya dariya.

Da hutun ƙarfe goma, sai ya sayi fanke na dala ashirin da lemun kwalba, ya zagaya bayan aji ya ci shi kaɗai. Daga baya ya fara cewa kansa yana ciwo duk ranar alhamis. Sannan ya daina ɗaga hannu cikin aji, ko da ya san amsa, domin wanda ya ɗaga hannu shi ake kira gaban allo, kuma wanda ke gaban allo duk aji na kallon bayansa. Bara yana samun 15 bisa 20 a lissafi. Bana ya sauko 9.

Wata rana malamin lissafi ya tsai da shi bayan an tashi.

— Ila, me ya same ka bana?

— Ba komi, Malam.

— Ina ganin ka kana gyangyaɗi tun ƙarfe tara. Ba ka barci da dare?

— Ina yi, Malam. Amma in na tashi kamar ban yi ba.

Malam ya je ya samu uban yaron a kasuwa. Bayan sun gaisa ya faɗa masa abin da ya gani. Uban ya ce:

— Haba Malam, ai ƙoshi ne! Yaro ya samu ci, ya samu sha, mene ne na zuwa likita?

— Gaskiya ne, Alhaji. Amma a dai gwada, ba a asarar komi.

Ranar asabar aka kai Ila gidan likita. Aka ɗora shi bisa sikeli: kilo 64. Aka auna tsawonsa: mita 1,55. Likita ta duba bayan wuyansa, ta ga fatar wurin ta yi baƙi ta yi kauri. Uwarsa ta ce ta sha dirje wurin da soso da sabulu, ya ƙi fita. Likita ta ce:

— Hajiya, ki bar dirzar shi. Wannan ba dauɗa ba ce.

Yaya ake gane ƙiba ta wuce kima?

Ido ba ma'auni ba ne. Wanda wani ya kira mai ƙiba, wani zai ce ya yi daidai. Don haka likitoci suke yin lissafi. Ana ɗaukar nauyin mutum da kilo, a raba shi da tsawonsa sau tsawonsa da mita. Amsar da aka samu ita ce ma'aunin jiki, wadda ake rubutawa IMC cikin takardun likita.

Ga na Ila: 1,55 × 1,55 = 2,4025. Sannan 64 ÷ 2,4025 = 26,6.

Ga babban mutum abin da sauƙi: daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba ta yi yawa. Amma yaro yana cikin girma, jikinsa yana sakewa kowace shekara, kuma na mace dabam da na namiji. Shi ya sa a shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawali na musamman don masu shekara 5 zuwa 19. Cikin jadawalin nan, namiji mai shekara 14 wanda ma'auninsa ya wuce 21,8 nauyinsa ya wuce kima. In ya wuce 25,9 ƙibarsa ta yi yawa. Ga mace mai shekara 14 kuwa, iyakokin su ne 22,7 da 27,3. Kun ga ke nan inda Ila ya faɗa.

Sai dai ku lura: sikeli bai san bambancin tsoka da kitse ba. Ɗan kokowa da ke shirin neman takobi yana iya yin nauyi ƙwarai, alhali jikinsa tsoka ce zalla. Lissafi yana nuna hanya ne kawai, likita ke yanke magana.

Ila ba shi kaɗai ba ne. Bisa ƙidayar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 1990 yara 8 cikin 100 masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima a duniya. A shekarar 2022 sun kai 20 cikin 100, wato fiye da miliyan 390. Cikinsu miliyan 160 ƙibarsu ta yi yawa. A nan Nijar babbar damuwarmu har yanzu ita ce ƙarancin abinci mai gina jiki: fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsawon da ya kamata ba. Amma a birane kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, cikin aji ɗaya kana iya ganin wanda bai karya kumallo ba, ga kuma irin Ila kusa da shi.

Daga ina take zuwa?

Jiki kamar gidan manomi ne mai rumbu. Abincin da muka ci shi ne hatsin da ke shigowa. Tafiya, aiki, wasa, numfashi, har girman da kuke yi, su ne hatsin da ake ɗiba. In abin da ya shigo ya fi abin da aka ɗiba, jiki ba ya zubar da saura. Yana mai da shi kitse ya ajiye. Wannan dabara ce mai kyau da ta ceci kakanninmu a shekarun fari. Amma in kullum ana zubawa ba a ɗiba, rumbu sai ya yi ta faɗi.

Abinci ba duka ɗaya ba ne wajen cika rumbun nan. Garam ɗaya na mai yana ba da kalori 9, garam ɗaya na hatsi ko sukari yana ba da 4. Shi ya sa wake dafaffe da ƙosai ba ɗaya ba ne, ko da yake duka wake ne. Sukarin da ke cikin abin sha ya fi yaudara, domin ba ya cika ciki. Gwangwani ɗaya na lemu mai santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen garam 35, kamar ƙwaya 7 ke nan na sukarin shayi. Wane ne cikinku zai iya jefa ƙwaya 7 cikin kofi ɗaya uwarsa tana kallo? Amma a kwalba muna shanye shi ba mu sani ba. Haka zoɓo da ruwan tsamiya da ake sayarwa cikin leda bakin makaranta, in an cika masu sukari.

Rayuwar birni kuma ta rage ɗiba. Yaron ƙauye yana zuwa rijiya, yana kiwo, yana noma, yana tafiya makaranta da ƙafa. Ɗan birni yana hawa babur, ya zauna cikin aji, ya dawo ya zauna gaban talabijin ko ya duƙufa kan salula har dare ya raba. Ƙarancin barci shi ma yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Amma kada ku ce duk mai ƙiba mai haɗama ne ko malalaci. Akwai gado. Yara biyu suna iya cin kwano ɗaya, su yi wasa ɗaya, ɗaya ya yi jiki, ɗaya ya tsaya kamar kara. Akwai cututtuka da magunguna masu sa ƙiba. Sannan yaro ba shi ne ke cefane ba, ba shi ne ke girki ba. Abin da aka zuba masa shi yake ci.

Abin da ƙiba ke yi wa jiki

Ƙasusuwan matashi ba su gama ƙwari ba. In aka ɗora masu kayan da ya fi ƙarfinsu, gwiwa da ƙugu da tafin ƙafa su ne ke fara kuka. Wani lokaci kan ƙashin cinya yakan goce daga wurinsa a ƙugu, yaro ya fara ɗingishi. Duk mai jikin da ya fara ɗingishi ba tare da ya faɗi ba, a kai shi likita da wuri.

Kitsen wuya yana matse hanyar iska in an kwanta. Yaro ya yi ta minshari, numfashinsa ya riƙa tsayawa yana dawowa sau da yawa cikin dare, shi bai sani ba. Da safe ya tashi a gajiye. Abin da ya sa Ila gyangyaɗi ke nan. Malamin da bai san haka ba sai ya ɗauka raini ne.

Baƙin da ke bayan wuyan Ila kuwa alama ce. Cikin jini akwai wani sinadari da ake kira insulin, shi ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsoka. In kitse ya yi yawa, jiki yakan daina jin maganar insulin, sai fatar wuya da ta hammata ta yi duhu. In ba a kula ba, ciwon sukari yana iya biyowa. Da can ciwon manya ne, yanzu ana samun shi ga matasa. Haka ma hawan jini da taruwar kitse cikin hanta. Ga ƴan mata, ƙiba mai yawa takan rikitar da al'adar wata.

Mu ƙara da abin da littattafan ƙasashen sanyi ba su cika faɗa ba: zafi. A watan Afirilu da Mayu, sa'ad da zafi ya wuce digiri 40, mai ƙiba ya fi kowa wahala cikin ajin kwano. Zufa, ƙuraje, saɓar fata tsakanin cinyoyi. Kuma lokacin ne ake shirin jarrabawa.

Abin da sikeli ba ya aunawa

Lafiya ba rashin ciwo ba ce kaɗai. Akwai abin da masana ke kira daɗin rayuwa: ko yaro yana iya yin abin da tsaransa ke yi, ko ransa a sake yake, ko yana da abokai, ko karatu yana shiga. Za ku ce yaya za a auna irin wannan? Ana aunawa da tambayoyi. Akwai wata takarda mai tambaya 23 da likitocin yara ke amfani da ita a ƙasashe da yawa. Ana tambayar yaro kan abubuwa huɗu: jikinsa, zuciyarsa, zamansa da tsaransa, da makarantarsa. Gudu yana yi maka wuya? Kana yawan baƙin ciki? Yara suna yi maka ba'a? Kana fashin makaranta? A ƙarshe a ba da maki bisa 100. Mai maki da yawa shi ne mai jin daɗi.

A shekarar 2002, likitoci a birnin San Diyego na Amurka suka yi wa yara da matasa 106 masu ƙiba ƙwarai waɗannan tambayoyi. Makinsu ya tsaya 67, alhali na yara masu lafiya 83 ne. Abin da ya girgiza likitocin shi ne, makin nan ya yi kusa da na yaran da ake yi wa maganin ciwon daji. Amma waɗannan yara ne da ƙibarsu ta kai har an kawo su asibiti. A shekarar 2005 aka buga wani binciken da aka yi a makarantun ƙasar Ostiraliya, kan yara fiye da 1400. A nan bambancin bai kai haka ba. Sai dai an ga wurare biyu da makin masu ƙiba ya fi faɗuwa: jiki, da zama da tsara.

Na farkon mun riga mun gan shi. Mu tsaya kan na biyun, domin ku ya shafa.

Tun a shekarar 1961 aka yi wani gwaji a Amurka. Aka nuna wa yara ƴan shekara 10 da 11 zanen yara shida: mai lafiya, mai sanduna, mai keken guragu, mai hannu ɗaya, mai tabo a fuska, da mai ƙiba. Aka ce su jera su, daga wanda suka fi so zuwa wanda ba su so. Mai ƙiba ya zo ƙarshe. Bayan shekara 40 aka sake gwajin, aka buga sakamakon a 2003: mai ƙiba ya sake zuwa ƙarshe, kuma ƙin ya ƙaru. Me ya sa? Domin yara suna ganin gurgu ba laifinsa ba ne, amma mai ƙiba shi ya jawo wa kansa. Mun riga mun ga cewa wannan ba gaskiya ba ce.

Akwai masu cewa: «Ai in an yi masa ba'a zai ji haushi ya rage.» Masu bincike sun bi matasa shekara da shekaru don su ga ko haka ne. Abin da suka samu akasin haka ne. Matashin da ake yi wa ba'a kan jikinsa ya fi gudun filin wasa, ya fi cin abinci a ɓoye don ya huce haushi, kuma ya fi ƙara nauyi daga baya. Ku sake duba labarin Ila. Gwiwarsa ce ta hana shi zuwa fili ranar alhamis, ko dariya? Kitse ne ya hana shi ɗaga hannu cikin aji? Kilo 64 ba su san lissafi ba, ba su ne suka mai da 15 ta koma 9 ba. Gyangyaɗi ya ci nasa rabo, sunan Buhu ya ci saura.

Abin yana zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke. An yi ba'a, yaro ya bar wasa. Ya bar wasa, ya ƙara jiki. Ya ƙara jiki, ba'a ta ƙaru. Wasu sukan kai ga ƙin kansu, su daina fita, su daina cin abinci gaban mutane. Wasu su bar makaranta gaba ɗaya, a ce ba su da ƙwaƙwalwa.

Kuma kada dariyarsa ta ruɗe ku. Wanda ake yi wa ba'a yakan yi dariya don ya tsira da sauran mutuncinsa. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Mai faɗa yakan manta kafin la'asar, wanda aka faɗa wa yana iya riƙe ta har ya yi furfura. Mu malamai ma ba mu kuɓuta ba: akwai malamin da zai yi wasa da jikin yaro don aji ya yi dariya, bai san ya ba yara hamsin izini ba.

A wurinmu abin fuska biyu ne

A ƙasarmu an daɗe ana ganin jiki alamar wadata ne. In mutum ya murje sai a ce hutu ya karɓe shi. In ya rame sai a tambaye shi ko lafiya. Wannan ba abin mamaki ba ne ga mutanen da suka ga yunwar 1973 da ta 1984. Ga mata abin ya fi ƙarfi. A wasu rugage na Azawak, da kuma ƙasar Muritaniya, an san al'adar ɗura wa yarinya nono da fura tun ta fara famfara, don ta yi jiki kafin aure. A garuruwanmu ma, yarinyar da ba ta da jiki takan sha suna: tsinke, sillan kara, sandar rake.

Daga nan wasu ƴan mata suke faɗawa hannun masu tallan magani. Akwai ƙwayoyin da ake sayarwa a kasuwa da bakin tasha don sa ƙiba, har ana yi masu laƙabi da «sha ka fashe». Da yawansu maganin da ake kira dekisametazon ne. Magani ne na gaske, mai ƙarfi, wanda likita ke bayarwa don wasu cututtuka, da awo, na ƴan kwanaki. Wadda ta daɗe tana shan shi fuskarta takan kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance, fata ta tsattsage. Yana ɗaga jini, yana ɗaga sukari, yana raunana ƙashi, yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Wannan ba ƙoshi ba ne, kumburi ne. Kuma wadda ta daɗe tana sha kada ta bari rana ɗaya, domin yankewa farat ɗaya yana da haɗari. Ta je likita a rage mata sannu sannu.

Ga kuma ɗaya fuskar. Yarinyar nan da ake ce mata ta ƙara jiki a gida, in ta buɗe salula sai ta ga hotunan mata sirara ana yabon su. Ɗaya ta sha ƙwayar ƙiba, ɗaya ta sha shayin rama ko ta ƙi cin abinci har jiri ya ɗebe ta cikin aji. Dukansu bakin mutane suke gudu.

Me aka yi wa Ila?

Likita ba ta ba shi ƙwaya ba, ba ta ce ya yi ta zama da yunwa ba. Matashi yana bukatar abinci don ya girma, ya yi jini, ya yi karatu. Ta ce masa:

— Kana da sa'a ɗaya da babanka ba shi da ita: kai tsawo kake yi. Ko ba ka rage kilo ɗaya ba, in ka hana shi ƙaruwa, tsawonka zai kamo shi.

Ta ce a fara da abin sha: ruwa in ya ji ƙishirwa, lemu sai ranar salla ko biki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato wajen garam 50 ga babban mutum, kuma rabin haka ya fi. Ta ce ya karya kumallo a gida da kunu ko fura mai nono ba sukari da yawa, don kada yunwa ta kai shi wurin mai fanke. Tuwon gero da na dawa, wake, dambun zogala, miyar kuka da ta kuɓewa, kabewa, kifi, gwaba da mangwaro a lokacinsu, duka suna nan, ba sai an sayo abincin waje ba. A rage mai cikin miya da shinkafa, a rage soye-soye. Ta juya wurin uwar ta ce:

— Hajiya, kada a ware masa kwano. In za a gyara tukunya, a gyara ta gidan duka.

Sannan motsi. Masu shekara 5 zuwa 17 suna bukatar aƙalla minti 60 kowace rana na motsin da ke sa zuciya bugawa da sauri. Ba sai an yi shi a zama ɗaya ba, kuma ba sai gudu ba. Tafiya makaranta da ƙafa da sanyin safiya, keke, langa, ɗibar ruwa, shara, duka suna cikin lissafi. Barci kuma awa 8 zuwa 10, salula tana waje.

Dalilin da ya sa ba a jira shi ne: cikin matasa 10 masu ƙiba mai yawa, wajen 8 suna girma da ita. Gyara ya fi sauƙi tun ƙashi yana tsawo.

Saura abin da likita ba ta da maganinsa. Wannan malam ne ya ɗauka. Ran litinin, Ila bai shigo ba tukuna, ya ce wa aji:

— Kowa a nan yana da sunan da ubansa ya yanka rago ya raɗa masa. Daga yau shi nake so in ji.

Ya yi magana da malamin wasanni, aka daina barin yara su zaɓi ƴan ƙungiya, aka koma ƙidaya: ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Aka fara auna kowa da abin da ya yi makon jiya, ba da na gaba da shi ba. Ba a rana ɗaya sunan ya mutu ba. Akwai masu faɗar shi a hanya har ƙarshen shekara. Amma wani yaro da ke unguwarsu ya fara biyo masa da safe su tafi tare da ƙafa, don Ila ya riƙa nuna masa lissafi a hanya.

Bayan shekara ɗaya aka sake auna Ila. Nauyinsa yana nan kilo 64. Tsawonsa ya kai mita 1,62.

Kalmomi

Kima: gwargwadon da ya dace.

Kalori: ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki.

Famfara: faɗuwar haƙoran yarinta.

Laƙabi: sunan da aka liƙa wa mutum ko abu, ba nasa na asali ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa Ila ya daina ɗaga hannu cikin aji?
2. Me uban Ila yake nufi da ya ce «ai ƙoshi ne»? Kun taɓa jin irin wannan magana a gida?
3. Don me likita ta hana a dirje wuyan Ila?
4. Me ya sa ba a auna ɗan shekara 14 da iyakokin babban mutum?
5. Cikin abubuwan da suka dami Ila, ware waɗanda suka fito daga jikinsa da waɗanda suka fito daga bakin mutane. Wane ɓangare ya fi tsawo?

Lissafi

1. Nemo ma'aunin jikin Ila bayan shekara ɗaya. Ga namiji mai shekara 15 iyakokin su ne 22,7 da 27,0. Ina ya faɗa yanzu?
2. Yarinya tana shan gwangwani ɗaya na lemu kowace rana. In kowane yana da sukari garam 35, kilo nawa na sukari ta sha cikin kwana 365?
3. Yaro yana tafiya minti 20 zuwa makaranta, minti 20 dawowa, safe da marece. Ya cika minti 60 na yini?

Aiki

Kowa ya rubuta cikin littafinsa duk abin da ya ci da abin da ya sha cikin kwana uku, har da na bakin makaranta. Ya ja layi ƙarƙashin masu sukari da soyayyu. Wannan aiki na mai shi ne, ba za a karanta shi gaban aji ba. Wanda yake so a auna shi, ya samu malam shi kaɗai ko ya je gidan likita.